Yarinyar da Ta Zo Auna Natra da Rani

"Kai mai tarakta, kashe fitilar nan."

Maganar da Ummusalama ta fara yi wa Hamisu ke nan a duniya, ko sallama babu.

Bayan isha'i ne da kaɗan, cikin rani. An gama yankan dawa a gonakin Simsim da ke karkarar Gadarif, an tara zangarniya tsibi-tsibi ana jiran injin sussuka. Hamisu ya taso daga ɗebo ruwa yana jan tanki, sai fitilarsa ta faɗa kan wata budurwa tsaye a tsakiyar fili. Ta kafa wani farin bututu a kan ƙafafu uku, ta ɗora kwamfuta a kan buhu, ga goggonta Kande a tabarma tana gyangyaɗi.

Ya taka birki, amma bai kashe fitilar ba. Abin kallo ya samu.

"Ba ka ji ba ne, ko Hausar ce ba ka iya ba? Minti ashirin ina ɗaukar hoton nan, ka zo ka ɓata min shi."

"Ma'alesh ya ustaza," in ji Hamisu, yana ba ta haƙuri da Larabcin garin. "Hoton me ake ɗauka a duhu?"

"Natra."

Hamisu ya kashe fitila, ya kashe injin ma, don ya samu ya yi dariyarsa a tsanake.

Duk wanda ya ci tuwon Gadarif ya san Natra. Manoman nan ba da watan Bature suke shuka ba, da zangon taurari suke yi, kowane zango kwana goma sha uku. Dura'a ce ke buɗe damina, Natra ta biyo bayanta da ruwa mai cika kwari. Kuma duk faɗin Simsim ba wanda ake tambaya lissafin zango sai Malam Ɗantsoho, wakilin babbar gonar da Hamisu ke wa tuƙi, wanda kuma shi ne ya haife shi.

"Natra da rani," Hamisu ya ce yana share ido. "Daga Khartum kika zo, ko?"

"'Yar Gadarif ce ni. A Khartum nake karatu."

"Na ga alama. Saura wata biyar, ya ustaza. Ki naɗe bututunki ki dawo da damina."

"Da damina rana ce ke zaune a gabanta, shi ya sa aka ba kwanakin sunanta. Ba mai ganinta a lokacin. Yanzu ake ganinta." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da kake dariya, ka taɓa ganinta?"

Hamisu ya ɗaga kai ya dubi sama, bai san ta ina zai fara nemanta ba.

"Sauko ka duba, in idonka ya iya ganin abin da ba tayar tarakta ba."

Ya sauko don kawai kar a ce mace ta kore shi. Ya sa ido a gilashin, sai ga taurari sun cika shi taf, kamar an watsa riɗi a baƙin faranti.

"Guda nawa ne?"

"Wajen dubu. Tare aka haife su, tare suke tafiya. Aikina in auna hasken kowanne da launinsa, daga nan in fitar da nisansu da shekarunsu."

"In kin fitar sai a yi me da shi? A dafa?"

"Sai a sani," ta ce.

Ya ɗago kai zai mayar mata, hasken kwamfuta ya haska masa fuskarta. Doguwa ce baƙa, da wushirya, ta ɗage gira ɗaya tana jiran ya faɗi wata wautar. Maganar ta ɓace masa. A wurin nan, yana tsaye da baƙin mai a hannunsa, Hamisu ya kamu, kuma ya san ya kamu.

Mako biyar Ummusalama ta yi a sansanin leburorin da goggonta ke sayar da abinci, don a cikin gari fitilu ba sa barin mutum ya ga sama. Kwana uku da haɗuwarsu batirinta ya mutu. Washegari da magariba sai ga Hamisu ɗauke da batirin tarakta a kafaɗa.

"Na kawo ne don kar a ce Khartum ta kunyata a garinmu."

"Ajiye nan. Ka wanke hannu kafin ka taɓa min kaya."

Haka soyayyar ta taso, da baƙar magana aka yi renonta. Shi yana ce mata Duktura, da nufin tsokana. Ita tana ce masa Mai Fitila, da nufin kar ya manta laifinsa. Tana nuna masa yadda take ɗaukar kowane hoto sau biyu, ɗaya ta shuɗin gilashi ɗaya ta mai ruwan ɗorawa, don a gane tauraron da ya fi zafi.

"Shuɗaye su suka fi zafi, su kuma ke fara mutuwa," ta ce. "In ka ga tarin taurari ya rasa shuɗayensa, to ya tsufa. Da haka ake sanin shekaru."

"Kamar haƙoran raƙumi ke nan."

Ta harare shi, don misalin ya yi daidai kuma ba ta so ya yi ba.

Ranar da za ta koma gari, Hamisu ya loda mata kaya a lori, ya tsaya yana murza hula.

"Duktura, ni ban iya magana mai ado ba. Ina son ki. In kin raina, ki faɗa min yanzu in je in yi jinya kafin damina."

"Na raina ka tun daren farko," ta ce, tana gyara mayafi don kar ya ga bakinta. "Abin da ya dame ni, rainin ya ƙi zama."

A Simsim waya ba ta kamawa sai an hau bisa. Kullum da yamma sai a ga Hamisu tsaye a kan tankin ruwa, ya ɗaga hannu sama, leburori na yi masa dariya.

Ya rubuta: "Dukturata, yau na duba sama ban ga komai ba sai fitilun Allah barkatai. Ashe ke ce ke jera min su. Kin ci abinci, ko taurari kika dafa?"

Ta amsa: "Mai Fitila, na ci. Ka sauko daga tankin nan kafin ka faɗo ka karye, ba ni da lokacin jinyar direba. Na yi kewar surutunka, amma kar ka ji daɗi."

Ya rubuta: "Na ji daɗin, sai ki yi abin da za ki yi. Zan turo manya."

To, a nan aka zo wurin Alhaji Mudi.

Alhaji Mudi, mahaifin Ummusalama, buhu da igiya yake sayarwa a kasuwar Gadarif. Mahaifinsa da lauje ya yanki riɗi har bayansa ya lanƙwashe, amma tun da Alhaji ya samu shago mai fanka ya manta da wannan tarihi sarai. Da ya ji zancen, sai ya ajiye kofin shayi.

"Direban tarakta? Na kai 'yata jami'a don ta dawo min da ɗan jango?"

Jango shi ne sunan da ake kiran leburorin da ke bin gonaki, kuma ba don girmamawa ake faɗarsa ba. Da ba don jangon nan ba, buhunan Alhaji iska za a riƙa ɗurawa a ciki, amma wa zai gaya masa?

Shi Alhaji yana da nasa ɗan takarar, Mijinyawa mai sayar da maganin ciyawa. Mutum ne mai farar mota a-kori-kura da farar jallabiya da farin takalmi, kuma in ka cire waɗannan ukun ban san abin da zai rage ba. Turarensa kan riga shi shiga shago da minti guda. Ba son Ummusalama yake ba, so yake a ce matarsa duktura ce, yadda ake cewa motarsa sabuwa ce. Ita kuwa ko gaisuwarsa da hanci take amsawa.

Wata ranar Talata ta kai wa mahaifinta abinci shago, ta tarar da Mijinyawa ya baje a kan buhuna, ga 'yan kasuwa uku suna shan gahawa.

"Ahlan ya duktura," ya ce. "An ce surukin da kike so shi ne mai taurarin Simsim. To tsakaninki da shi wa ya fi? Na ji an ce shi ko allo bai ƙare ba, amma ya fi ki sani."

Da ta ajiye kwano ta fita, da shi ke nan. Amma Ummusalama tana da ciwon da karatu kan sa wa wasu, ba ta iya barin magana ta wuce ba ta ɗora tata a kai ba.

"Malam Ɗantsoho shekara hamsin yana ƙirga Natra," ta ce, "amma ko za a yanka shi ba zai iya nuna inda take a sama ba."

'Yan kasuwa suka yi dariya. Mijinyawa ya fi kowa, don ya samu abin da ya zo nema. Mutumin da bai taɓa yarda ƙurar Simsim ta taɓa motarsa a banza ba, a ranar ya kama hanya. Ya isar da saƙon har cikin rumfar Malam Ɗantsoho, a gaban leburori, ya ƙara masa gishiri da yaji, har da cewa ta kira tsohon makaho.

Malam Ɗantsoho bai ɗaga murya ba. Ya juya ga ɗansa.

"Hamisu, yarinyar bututu ce ta faɗi haka?"

"Baba, ƙila ba haka ta..."

"Ka nemi wani uban ya je maka. Ƙafata ba za ta taka ƙofar Mudi ba."

Labari ya dawo kasuwa kafin motar Mijinyawa ta huce. Alhaji Mudi ya ga hanya ta buɗe masa ba tare da ya zama mugu ba. Ya tara maƙwabtan shago, ya sa aka kira 'yarsa, ya yi magana irin ta mai adalci.

"Ku shaida, ni ban hana ba. In Ɗantsoho ya zo da ƙafarsa shagon nan ya nema wa ɗansa kafin Dura'a ta shiga, na ba shi. In Dura'a ta shiga bai zo ba, maganar ta mutu, kar a ƙara tayar min da ita. Kin yarda?"

"Na yarda, Yaba," ta ce wa mahaifinta, don ba ta da wata mafita.

Da yamma saƙon Hamisu ya shigo: "Ummusalama, kin faɗa ko ba ki faɗa ba?"

Ganin sunanta tsirara, ba Duktura, ya fi mari zafi.

Ta rubuta: "Ban ce makaho ba. Sauran na faɗa. Kuma ai gaskiya ce."

Ya amsa: "Gaskiya ce. Mutumin da kika yi wa dariya da ita shi ya goya ni a gona bayan rasuwar uwata. Ki auna wannan ma, in bututunki na iyawa."

Daga nan tankin ruwa ya huta. Kwana ashirin ba wanda ya hau shi.

A cikin kwanakin ne kuma malaminta na jami'a ya dawo mata da aikinta. Dare talatin da huɗu ta yi tana awo, amma goma sha ɗaya daga ciki sun ƙi bin sauran. A waɗannan dararen taurarin sun fito dushi-dushi, sun yi ja, har lissafi ya nuna wai Natra ta ƙara nisa ta kuma dawo. Malamin ya rubuta mata cewa taurari ba sa zuwa cin kasuwa su dawo, ta nemo dalili ko ta sake aikin baɗi. Ta kwance na'urarta ta ɗaura, ba ta ga aibu ba. Ta zauna a kan gado ta yi kuka, rabi na aiki, rabi na Hamisu, kuma na Hamisun ya fi yawa.

Tsakiyar watan Yuni ta ɗauki bututunta ta hau lori. Saura mako uku Dura'a ta shiga. Natra ma ta gangara yamma, kwanaki kaɗan suka rage rana ta haɗiye ta.

Ta tarar da Malam Ɗantsoho a rumfarsa yana gyaran igiyar gado. Ɗan ƙaramin tsoho ne busasshe, gemunsa bai fi a ƙirga ba. Ta cire takalmi, ta durƙusa.

"Baba, na zo neman gafara. Bakina ya yi abin da ba a koya masa a gida ba."

Ya ci gaba da jan igiya.

"Wace ce? Ku yi haƙuri, makaho ne ni."

"Ban ce haka ba, Baba. Amma abin da na ce ma ya isa laifi."

"To na ji. Ga hanya can."

Ba ta tafi ba. Ta sauka wurin Goggo Kande, kullum da safe ta zo ta gaishe shi, ya amsa wa iska. Hamisu na can yana ɗaura faifan huɗa a tarakta, yana satar kallonta. Kwana uku hadari na rufe yamma. Ran na huɗu, bayan magariba, sama ta washe ta gefen faɗuwar rana. Ta kafa bututunta a ƙofar rumfar, ta jira duhu ya zauna.

"Baba, ga Natra. Don Allah ku duba sau ɗaya."

"Ba na leƙen Ubangiji ta cikin bututu," ya ce. "In tana nan, nuna min da yatsa kamar mutane."

Ta matso gefensa, ta miƙa hannu. "Kun ga taurari biyun can masu haske, ƙasa-ƙasa? Ku hau sama da su ta hagu. Akwai wani ɗan fari-fari, kamar..."

"Wannan?" Tsohon ya miƙe tsaye. "Wannan kike nufi?"

"Ita ce."

"Ke yarinya, wannan ai Garin Kaka ne."

Hamisu ya ajiye sifana ya matso.

"Kakata ce ta nuna min," in ji Malam Ɗantsoho, bai sauke ido daga sama ba. "Ta ce garin tuwo ne ya zube wa wata mai tafiya Makka. A gidanmu haka muke ce masa. Duk rani ina dubansa. In ya fito tas, in yi barcina. In ya dushe alhali ba gajimare, to hayaƙi ne ya hau sama, wani wuri na ci da wuta, sai in sa a tsare tsibin dawa. Shekara hamsin gobara ba ta ci min zangarniya ɗaya ba." Ya juyo gare ta. "Wai ita ce Natra?"

"Ita ce, Baba."

Amma hankalin Ummusalama ya riga ya tafi wani wuri. Ta ce, "Baba, kun ce yana dushewa. Bana ya dushe?"

"Sosai ma. Da mutanen gonar maƙwabcinmu Wada suka yi ta ƙona kara."

"Kuna tuna dararen?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi ko ya san sunansa. Ya sa Hamisu ya haska ginshiƙin rumfar. Tun daga sama har ƙasa tsagar wuƙa ce a jere, kowane dare ɗaya. Miƙaƙƙiya ta daren da sama ke tas, karkatacciya ta daren hayaƙi.

"Wannan mai faɗin ranar da injin sussuka ya iso ce," ya ce.

Ita ma ta rubuta ranar a littafinta, don ƙarar injin ta hana ta aiki. Ta buɗe, ta sa yatsa. Shi yana bin itace, ita tana bin takarda.

"Dare na uku bayan inji."

"Karkatacciya."

"Na huɗu."

"Karkatacciya. Na biyar lafiya lau."

"Na tara."

"Karkatacciya."

Haka suka bi har goma sha ɗaya, ko ɗaya bai kuskure ba. Hayaƙin da idonta bai gani ba shi ya rage wa taurarinta haske ya sa su ja. Abin da ya gagari na'urarta da malaminta na Khartum, ga shi a jikin ginshiƙi, an rubuta da wuƙar yankan igiya.

Ummusalama ta zauna a ƙasa daɓas. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Baba, kun fi ni ganinta. Ni sunanta kawai na sani."

"Ni kuma sunan ne ban sani ba," ya ce a hankali. Sai ya ga kamar ya yi laushi da yawa, ya gyara murya. "Kawo bututun nan in ga ƙaryar da ke ciki."

Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, sai da ya goge ido da bakin rawani.

"Nisanta nawa, ke mai awo?"

"In na cire dararen hayaƙi, hasken nan ya yi wajen shekara ɗari shida a hanya kafin ya iso idonku."

"Shekara ɗari shida? Ko kakanninmu da suka taho da ƙafa daga ƙasar Hausa ba su yi wannan nawa ba." Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma sakarai, ka tsaya kana kallo. Yarinyar da ba ta iya bambanta sama mai tsabta da mai datti ba, in aka bar ta a hannun mai maganin ciyawa ai ta lalace. Dole a kawo ta gidan da za a koya mata."

Hamisu ya rasa inda zai sa kansa don murna. Da ya raka ta ƙofar Goggo Kande, ya ce, "Duktura."

"Sake faɗa," ta ce. "Kwana ashirin da huɗu ban ji ba."

Ta koma gari da safe. Malam Ɗantsoho kuwa ya ce ba zai bar gona ba sai an gama raba iri, kuma ba zai je da wuri ba, kar Mudi ya ɗauka ɗoki ake yi. Girman kai ba a shagon mai fanka kaɗai yake ba. Ana haka, farkon Yuli, sama ta ɓalle da ruwa kwana biyu. Baƙar ƙasar Simsim in ta sha ruwa ko jaki ba ta saki, balle lori.

A kasuwa Mijinyawa ya fara karɓar barka. Ummusalama ta daina cin abinci. Ta rubuta: "Mai Fitila, an ce hanya ta yanke. Ka gaya min gaskiya."

Amsa ta zo: "Hanyar masu farar mota ce ta yanke, ya habiba. Ki dafa shayi."

Ran Laraba da hantsi mutanen layin buhu suka ji ƙara. Tarakta ce ta shigo kasuwa, laka tun daga taya har rufi. Hamisu na tuƙi, Malam Ɗantsoho na zaune a kan murfin taya, ya rungume sandarsa. Yini da kwana suka yi a hanya. Tsohon ya sauko, taɓo har gwiwa, ya taka cikin shagon Alhaji Mudi ya ɓata masa shimfiɗa.

"Salamu alaikum. Ga ƙafar da ka ce."

Alhaji ya amsa da ƙyar, ya dubi Mijinyawa, ya dubi laka.

"Marhaba ya Malam. Sai dai ka makara. Dura'a ta shiga, ga shaida nan a ƙafarka."

"Wa ya gaya maka ta shiga?"

Maƙwabta suka fara murmushi, don kowa ya san duk shekara Alhaji sai ya aika Simsim an tambayo masa kafin ya san ranar.

"Wannan ruwan share fage ne," in ji tsohon. "Saura kwana biyu."

Mijinyawa ya miƙe, turare ya tashi tare da shi. "La, la, ya jama'a. Shi ke neman aure, shi ke lissafi? Ai sai ya ja kwanakin yadda ya so. A duba abin da ke rubuce."

"A duba," in ji wani dattijo mai sayar da igiya. Ya miƙa hannu ya ciro kalandar da ke rataye a bangon shagon. Kalandar talla ce, Mijinyawa ne ya buga ta ya raba wa 'yan kasuwa, ga hotonsa ya cika rabin shafi yana riƙe da galan, ga ranakun zango a ƙasa da ƙananan haruffa. Hoton kaɗai Mijinyawa ya taɓa dubawa. Dattijon ya bi da yatsa, ya karanta da ƙarfi. Dura'a sai jibi.

Dariyar da aka yi har masu shayi na bakin titi sun ji. Mijinyawa ya tuna yana da baƙi a shago, ya fita, farin takalminsa ya nutse a lakar da tarakta ta zubar.

Malam Ɗantsoho ya jira aka yi shiru. Ya zauna a kan buhu, ya ajiye sanda.

"Mudi, ubanka da ni mun yi yankan riɗi a layi ɗaya, kuma ya fi ni sauri. Ban zo da mota ba, ban zo da ado ba. Na zo nema wa ɗana Hamisu auren 'yarka Ummusalama."

Alhaji Mudi ya sunkuyar da kai. An daɗe ba a ambaci mahaifinsa a shagon nan ba. Ya dubi taɓon da ke ƙafar tsohon, ya dubi shaidunsa.

"Na ba shi," ya ce. "Allah ya sa albarka."

Ran Juma'a aka ɗaura aure, ranar da Dura'a ta shiga, ana fatiha ana yayyafi. Biki sai bayan kaka, da aka sussuke dawa kuma Ummusalama ta miƙa aikinta aka karɓa. Mata suka yi guɗa tun daga Gadarif har Simsim, Goggo Kande ta yi rawa har zaninta ya kusa kwancewa.

Da aka kawo amarya gaban Malam Ɗantsoho, lalle har gwiwar hannu, ta durƙusa, ya ɗora hannu a kanta.

"Ke kina da baki, shi yana da taurin kai, ban san wanda zan tausaya wa ba. Allah ya zaunar da ku lafiya. Allah ya ba ku zuriya mai albarka, masu ɗaga kai su dubi sama, su kuma sunkuya su gai da mutane."

Jama'a suka ce amin. Hamisu ya sunkuyo kusa da mayafinta.

"Kin ji, Duktura? Da ke ake."

"Da mu ake, mijina," ta ce.

Allah ya bar su tare, ya sa gidansu ya cika.